Kwanon da Na Wanke a Guangzhou

Ruwan sha na sauka saye. Abin da ya fitar da ni ke nan a yammacin da muka isa Guangzhou, ana dab da magariba. Saffana 'yata ta kwanta, gajiyar jirgi ta danne ta, na ce bari in ƙyale ta tunda kantin a ƙasan benen yake.

Sarin jakunkunan mata ya kai mu. Ni ce mai sana'ar, ita ce mai Turanci, shi ya sa babanta ya ce in tafi da ita ta zama bakina. Wanda ya tarbe mu Ma'azu ne, ɗan Fagge da ya daɗe a can yana saukar da 'yan kasuwa, ya kai su masana'anta, ya loda musu kaya. Otal ɗin da muka fara zuwa suka ce meyo, wato babu, ba sa karɓar baƙin waje. Na gaba ma haka. Sai Ma'azu ya ce mu kwantar da hankali, yana da ɗaki a wani tsohon bene a unguwar Xiaobei, hawa na ƙarshe.

A mota ya yi mana karatun zaman gari.

"Hajiya, garin nan lafiya lau yake, ba mai tare ki a hanya. Abu kaɗan za ku kiyaye. Kada ku hau motar da ba ni na kira ba. Kada ku riƙe wa kowa jaka, ko da Hausa ya yi muku. Hawa na biyu gidan waƙa ne, ke ƙanwata ko leƙe kada ki yi."

"Yaya Ma'azu, ni da ko a biki sai an ja ni nake tashi?" in ji Saffana.

"Irinku ne ake tsoro, masu shiru-shiru."

Muka yi dariya. Ya karɓi fasfo ɗinmu, ya ce zai kai a yi mana rajistar masauki wurin 'yan sanda. Duk wannan ya gaya mana. Bai ce komai a kan kwano ba.

Da na fito titi, zafin garin ya manne min a jiki kamar an shafa min koko. Fitilu ja da kore sun fara kamawa. Hayaƙin gasasshen nama da barkono, babura masu lantarki suna wucewa ba ƙara, sai dai ki ji iskarsu a mayafi. A bakin kwata wasu tsofaffi sun tsuguna suna ƙona takardu a cikin gwangwanaye, toka tana tashi tana sauka a kan mutane. Na ɗauka shara ce. Sai daga baya na ji matattunsu suke ƙona wa. Na sayi ruwana na juyo.

Fitilar matakalar benen sai an yi ƙara take kamawa. Ma'azu ya nuna mana: ki buga ƙafa, ta kawo, ki yi gaba ta ɗauke. A hawa na biyu kiɗa yana dukan ƙirji, wani yana rera waƙa da muryar wanda ya sha ya ƙoshi. Ina yin sama kiɗan yana nisa, har ya zama kamar a ƙarƙashin ruwa ake yinsa. A hawanmu ƙofa biyu ce kawai, tamu da wata mai ƙyauren ƙarfe a can ƙarshen baranda.

Na buga ƙafa. Fitila ta kawo.

Ga kwano a bakin ƙofarmu.

Farin tangaran ne mai shuɗin baki, da ɗan tsagu a gefe. An tula shinkafa tana tururi, an soke tsinkayen cin abincinsu a tsaye a tsakiya, an jera lemo a gefe. Lokacin da na sauka babu shi.

To, ke da kike karantawa, me za ki ɗauka? Mu a gida baƙo ya sauka, maƙwabta su aiko da abinci. Raina ya yi fari. Na ce ashe ko'ina ka je akwai 'ya'yan mutunci. Na sunkuya na ɗauka na shiga da shi.

Shinkafar ban san da me aka dafa ta ba, kuma ba a zubar da abinci, sai na juye ta a kan dakalin taga daga ciki, da safe in buɗe wa tsuntsaye. Lemon kuwa Saffana ta tashi ta gani.

"Wannan dai ba ya buƙatar yanka, Umma."

Ni lemo yana tayar min da gyambon ciki, ban taɓa ba. Ita ta ɓare ta sha. Ta yamutsa fuska.

"Kamar ruwa. Ba zaƙi, ba tsami, ba komai."

Amma ta shanye duka.

Na wanke kwanon tas. Ba a mayar da kwano haka nan, ko yaro ya san wannan. Na buɗe kayan guzurinmu na zuba dambun nama, na ɗora dabino, na rufe da faranti na nufi ƙofar ƙarfen. Na ƙwanƙwasa, na yi sallama, na ƙara da nihaw, gaisuwarsu da Saffana ta koya min a jirgi. Shiru. Na ajiye na juyo. Ban kai ƙofarmu ba na ji an buɗe a hankali, na ji an ja numfashi da ƙarfi, kamar wanda aka yi wa albishir.

Da asuba na duba taga. Ko ƙwayar shinkafa babu. Tagar kuma a rufe take, ni da kaina na rufe ta saboda sauro.

Na ce ɓera ne.

Da safe Ma'azu ya kai mu Shiling, garin jakunkuna, tafiya ce mai ɗan nisa a mota. Wuni muka yi muna shiga muna fita, warin fata da gam ya cika mana hanci, Saffana tana ce wa mai shago lawban, wato maigida, ka rage, lawban yana dafe ƙirji kamar za a kashe shi. Na zaɓi samfura masu kyau. Da azahar muka shiga gidan taliyar Musulmin ƙasar, masu fararen huluna. Saffana ta cinye nata. Ta janyo nawa da na rage. Ta ce a ƙaro.

"Ƙanwata, a hankali," in ji Ma'azu. "Kilo ake aunawa a jirgi."

Ba ta yi dariya ba. Ba ta ma ɗago ba. Yarinyar da a gida sai na yi faɗa take gama tuwo rabin malmala.

A hanyar dawowa na ce, "Ma'azu, ka yi mana godiya wurin maƙwabciyarmu. Jiya har abinci ta aiko mana."

Na ga idonsa a madubin mota.

"Wane abinci?"

Na ba shi labari.

"Wa ya ci?"

"Ni na sha lemon," in ji Saffana. "Akwai wani abu a motar nan, Yaya Ma'azu? Ko biskit ne."

Ya miƙo mata leda ba tare da ya waiwayo ba, ya ƙara ƙarar rediyo. A bakin benen ma bai fito ba, ya ce yana da kaya a tashar jirgin ruwa ta Huangpu.

Muna kaiwa hawanmu muka tarar da maƙwabciyar. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, gashinta fari fat, ta sa kayan fita, akwati a gefenta. Tana ganina ta kama hannuwana biyu. Hannunta ƙashi ne zalla. Tana kuka, tana dariya, tana sunkuyawa.

"Shiye-shiye. Shiye-shiye."

Godiya take yi. Na ce ai ba komai, dambu ne kawai. Ta dubi Saffana, ta kawar da kai da sauri. Ta ɗauki akwatinta ta gangara. Wallahi ban taɓa ganin tsohuwa ta sauka bene da irin wannan gudun ba. Ƙofarta ta bari a buɗe. Na leƙa. Ko labule ba ta bari ba.

Kwanon yana bakin ƙofarmu. Wayam.

Rana tana faɗuwa abin ya fara sosai. Ina sallar magariba ina jin ƙarar leda a bayana. Kafin in sallame Saffana ta gama da dambun. Ta cinye dabinon, na ga ba ta tofar da ƙwallo ko ɗaya ba. Ta buɗe garin kwaki tana ɗiba da hannu, busasshe. Madarar gari. Sukari. Man shanu da cokali. Da ta kai kan yaji na riƙe hannunta.

"Saffana! Lafiyarki?"

Hawaye yana zubo mata, bakinta bai daina motsi ba.

"Umma, ba ya isa ciki," ta ce a hankali. "Ina haɗiyewa, sai wani ya karɓe a nan." Ta nuna maƙogwaronta.

Na kasa kunne.

Tauna biyu nake ji. Tata, da wata a bayan tata, mai jiƙa-jiƙa, irin ta bakin da ba haƙora. Idan ta haɗiye, sai in ji an sake haɗiyewa daga lungun da ke tsakanin kabad da bango.

Ɗakin yana warin tsohuwar katifa da ƙonanniyar takarda.

Na karanta Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu na tofa a ruwa na ba ta. Ta sha, ta ɗan lafa. Na rungume ta ina karatu har gari ya waye. Ina jin cikinta yana kuka a jikina kamar wadda ta yi kwanaki ba ta ci ba.

Da safe zoben da babanta ya saya mata ya zame daga yatsanta ya faɗi ƙasa. Idonta ya zurma. Na ce ba za mu ƙara kwana a nan ba, ko a masallaci ne ma kwana. Na yafa mata mayafi na kama ta. Tana kai ƙafa bakin ƙofa ta ƙwalla ƙara ta dunƙule a ƙasa, ta riƙe ciki. Na ja ta baya, ciwon ya sake ta. Na sake gwadawa, har na goya ta kamar jaririya. A bakin ƙofar ta yi nauyin da ya durƙusar da ni, jini ya fito mata ta hanci.

Na kira Ma'azu har wayata ta yi zafi. Sai bayan la'asar ya zo. Bai ƙaraso ba. A kan matakala ya tsaya, leda a hannunsa, ya rataye ta a jikin ƙarfen dafawa.

"Me ke cikin ɗakin nan?" na ce.

"Hajiya, yi a hankali, akwai mutane a ƙasa."

"Me ke cikin ɗakin da ka sa ni da 'yata?"

Ya shafa ƙeya. "Abin da na ji, uwar mijin tsohuwar ce ta zauna a ciki. Ba ta tashi, ba ta magana. Wata shekara tsohuwar ta kulle ta ta tafi ƙauye, ta daɗe. Da ta dawo, sai abin da ta tarar. Tun daga nan kullum magariba take ajiye kwano. Ba ku ta kawo wa ba, Hajiya. Na abin da ke zaune a ɗakin ne."

Ni na san matacce ba ya dawowa, yana can yana fama da abin da ya tarar. Amma na san inda duk aka saba ajiye abinci da sunan wanin Allah, akwai halittun da ke zuwa su zauna su ci, kuma ba sa yarda a yanke musu.

"Ka sani, ka sa mu?"

"Shekara nawa ina saukar da mutane a nan, ko ciwon kai ba wanda ya yi. Maza nake sawa. Namiji tsallake kwano yake yi ya wuce. Wa ya ce ki ɗauka? Kin ɗauke masa abinci, 'yarki ta ci rabonsa, kin zuba masa da hannunki, kin kuma wanke kwanon kin mayar wa matar. Ai kin ce kin karɓi aikin ke nan."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Abin da sauƙi. Ga shinkafa nan na kawo. Magariba ta yi, ki zuba ki ajiye a ƙofa, zai sake ta ta yi barci."

"In yi wa shaiɗan hidima? Da sallata?"

"To ki zauna ki kalle ta."

"In na ajiye yau, gobe mu tafi?"

Ya dubi bango. "Tun lokacin dai tsohuwar ba ta taɓa kwana a wani wuri ba. Sai jiya."

"To kai ka ajiye. Hannunka ne ya kawo mu."

"Ni?" Har da 'yar dariya. "Hajiya, ina da iyali."

Na ce ya ba mu fasfo ɗinmu. Ya ce suna wurin rajista. Na ce zan sauka in tara masa jama'a. Ya ce da wane yare, kuma in bar ta da wa? Ya juya ya gangara, ina jin takalminsa har ya ɓace cikin kiɗan ƙasa.

Hasken taga ya fara ja.

Ba zan ɓoye ba, na zuba shinkafar a kwanon. Na tsaya da shi a baranda, gaban ƙofar. Sunkuyawa ɗaya ce. A ciki 'yata tana nishi, tana kiran sunana da muryar da take kirana tana ƙarama. Na ce Ya Allah Kana gani. Gwiwoyina suka fara lanƙwashewa da kansu.

Wayata ta ɗauki kiran salla daga cikin ɗaki.

Na miƙe. A ƙarshen baranda akwai wata taga mai kallon bayan gida. Na wurga kwanon ta nan. Ya daɗe kafin in ji fashewarsa.

Nishin ya tsaya.

Na shiga. Duhu ya fara cika ɗakin. Tana tsugune a lungun kabad, ta ba ni baya. Ta janyo ɗaya daga cikin samfuran Shiling, tana cin igiyar jakar. Rabinta ya tafi.

"Saffana."

Ta juyo. Fuskar tata ce. Zaman ba nata ba ne. Zaman tsohuwa ne, kafaɗu a sama, kai a gaba.

"Umma," ta ce da raɗa. "Hannunki yana ƙanshin shinkafa."

Na miƙa hannu zan ƙwace jakar.

Ta kama.

Yatsuna biyu na hagu, ƙaramin da na kusa da shi. Na ji haƙoranta sun shige har ƙashi. Na ja da baya ina ihu. Ba ta saki ba. Ta biyo ni da rarrafe, ta miƙe, ta biyo. Na ci karo da ƙyaure, na fita baranda da baya.

Ta fito.

Ta tsallake bakin ƙofar da ya gagare mu tun safe, ko gezau.

A nan na gane: muddin tana ci, ƙofar ba ta tsare ta. Na daina ja don in ƙwace. Na fara ja don ta biyo.

Na kama Ayatul Kursiyyu. Muddin ina karantawa, haƙoran suna tsayawa inda suke. In na tsaya jan numfashi, sai su ƙara shiga. Na dafa ƙarfen matakala da hannun dama na fara sauka da baya.

Duhu. Ba ni da ƙarfin buga ƙafa.

Jini yana bin gwiwar hannuna yana ɗiga. Ina jin harshenta yana lasa.

Mun sauka hawa ɗaya, sai fitilar hawan da muka baro ta kawo.

Ba wanda ya buga ƙafa.

Ta ɗauke. Ta ƙasa da ita ta kawo.

Ina jin wani abu yana jan jiki a kan siminti. Ya tsaya in mun tsaya.

Na kai ƙarshen ayar na koma farko. Na sake. Muryata ta zama kamar ta akuya.

A hawa na biyu ƙofar gidan waƙar a buɗe take, haske shuɗi yana juyawa. Samari da 'yan mata sun fito shan iska, kwalabe a hannu. Na dube su. Ba zan iya cewa ku taimaka ba, bakina yana kan aya. Ɗaya ya nuna mu ya ce wani abu, suka fashe da dariya. Suka ɗaga wayoyi. Wata yarinya mai jan gashi ta matso har kusa don ta ɗauki fuskar Saffana da kyau. Suka matsa suka ba mu hanya.

Saura matakalar ƙarshe. Ina jin hayaniyar titi a bayana, ina jin hayaƙin nama.

"Salamu alaikum. Ku ne masu marar lahiya?"

Muryar mace, Hausar Maraɗi. Na waiga. Doguwa ce, matashiya, goyo a bayanta, kular abinci a hannunta. Tikitin kayan jirgi ma yana nan maƙale a jakarta.

"Ni ce Habsatou, yanzu na sauka. Malam Ma'azu ya ce ku 'yan uwa mata na, ɗiyarki ba ta da lahiya, in hau in kai muku abin ci, kunya shikai ya shiga wurin mata."

Can bayanta, a bakin titi, Ma'azu yana tsaye. Hannuwansa a aljihu.

Fitila ta kawo. Ta ga hannuna. Ta ga bakin Saffana.

"Subhanallahi! Mi ya same ta?"

Ta sunkuya.

Na yanke ayar.

"Kada ki ajiye!"

Na ji ƙas, kamar an karya ɗanyen rake. Na ji shi har cikin haƙorana.

Habsatou ta riga ta dire kular a kan matakala, a gaban ƙafafun Saffana, don ta sami hannu biyu. Ta kama muƙamuƙin 'yata tana cewa saki, saki, ɗiyar kirki, uwarki ce.

Saffana ta saki.

Ta yi tari, ta dube ni, ta ce, "Umma? Ina ne nan?" Ta sulale a jikina.

Kiɗan sama ya zo ƙarshen waƙa. A cikin ɗan shirun nan na ji murfin kular yana juyawa a hankali, shi kaɗai.

Sai jaririn bayan Habsatou ya farka.

Na haifi 'ya'ya, na yi jikoki, na san kukan yunwa. Ban taɓa jin irin wannan ba.

"Taso mu tafi," na ce mata. "Don Allah taso, bar kayan."

"To, bari in ba shi ya sha tukuna. Yanzu hwa ya sha." Ta zauna a kan matakalar ta kwanto shi ta sa masa nono. Na ga ta cije leɓe. Na ga ta dube shi da mamaki.

Ma'azu ya ɗauki Saffana kamar buhu ya sa a mota. Motar tana nan tun ɗazu, injinta a kunne. Ya dawo ya fisge ni, ina kiran sunan matar. Ya tura ni ciki, ya zaro fasfo ɗinmu daga aljihun da hannunsa yake, ya jefa min a cinya.

"Asibiti, daga nan filin jirgi," ya ce. "Kayanki zan loda miki, ba abin da zai ɓata. Ki gode wa Allah, Hajiya."

Daga nan ban san inda kaina yake ba.

Yatsun ba su dawo ba. Likita ya nema, aka rasa abin da za a ce masa. Saffana ta warke, ta yi ƙiba, ba ta tuna komai daga gidan taliyar Shiling. Mun gaya mata ƙofar mota ce ta datse ni. Ranar ɗaurin aurenta ta riƙe hannun tana shafawa, ta ce, "Umma, wannan ƙofar muguwa ce." Na ce ƙwarai. Kayana sun iso lafiya, ko jaka ɗaya ba ta ɓata ba. Na gaya wa duk wanda zai saurara abin da Ma'azu ya yi. Wasu suka ce Allah Ya kyauta, wasu suka ce Hajiya ta sha wahalar tafiya. Har yau ana ba da lambarsa, ana cewa yana da amana a kan kaya.

Na sha wuya kafin in sami lambar Habsatou. Ba ta koma Maraɗi ba. Bizarta ta mutu tuntuni, ba ta fita ko'ina, tana dafa wa 'yan kasuwa tuwo a saman benen ana zuwa ana karɓa. Yaron yana nan, yana tafiya, in dai ba ta makara da ajiye abincin magariba ba lafiyarsa ƙalau. Manyan 'ya'yanta suna wurin kakarsu, ƙaramar cikinsu ta daina karɓar waya in ta kira. Na tambaye ta salla. Ta ce tana yi, sai dai magariba, ta rasa da wace fuska za ta tsaya.

Ina kiranta lokaci-lokaci, da hantsinmu, kafin rana ta faɗi a can. Ba ta taɓa yi min maganar daren ba. Kiran da na yi mata na ƙarshe mun daɗe, har muka yi dariya a kan tsadar kuka da daddawa a ƙasar mutane. Sai na ji yaron ya fara kuka daga nesa.

"Hajiya, bari in tahi, lokaci ya yi."

"Allah Ya kawo miki mafita, Habsatou."

"Amin." Ba ta kashe ba. Ina jin numfashinta. Da ta sake magana, muryarta ta yi laushi, ta yi daɗi, kamar ta mai talla.

"Hajiya, in kin ji wata tana shirin zuwa sari, ki ba ta lambata. Akwai wurin kwana. Mace nika so, mai kirki kamarki."